Gafakar Kakanmu a Cikin Gilashi

Jama'a, ku ji abin da na gani yau!

Shugabar makarantarmu ta tura ni gidan adana kayan tarihi, in duba wurin kafin mu kai 'yan aji biyar ranar Alhamis. Na sha cunkoso daga Nyanya, na isa a gajiye. Wani ma'aikaci yana zagayawa da ni, yana nuna min inda yara za su tsaya. Sai ga gafaka a cikin gilashi, jar jakar fata ta Alƙur'ani, da tabon tawada a gefe. Wallahi ta kakanmu Malam ce! Ni na zubar da tawadar nan ina ƙarama!

Gafakar nan fa ita aka nema aka rasa bayan rasuwar Malam. Aka ce ɗansa, Kawu Sule, ya sace ya sayar. Ya rantse Malam ne ya aike shi da ita, ba wanda ya yarda. Har yau ko gaisuwar salla ba a kai masa.

Na ce, "Oga, wa ya kawo wannan?"

Ya je ya ɗauko takarda. "Madam, mai ita ne ya bayar kyauta. Ga sa hannunsa da ajami. Ɗansa ya kawo."

Rubutun Malam ne. Innalillahi!

Na kira Mama na gaya mata. Sai ta ce, "Hadiza, ke ce fa kika ce kin gan shi ya fita da ita a ƙarƙashin riga."

Ni ce. Ga lambar Kawu a gabana, na kasa dannawa.