Iyakata Ɗorawa

Babanmu da wansa, wanda muke kira Baba Babba, gona ɗaya suka noma tun tasowarsu, a ƙauyenmu da ke bayan Bici. Suna da wata al'ada tasu: in za a yi noma, Baba ya kamo kunya daga gabas, Baba Babba ya kamo daga yamma, su yi ta tahowa har su haɗu a gindin ɗorawar da ke tsakiya. Nan nake kai musu kunu, ƙwarya ɗaya, ludayi biyu.

Baba ya karɓi baftisma tun kafin a haife ni. Baba Babba kuwa ko ƙofar coci bai taɓa leƙawa ba. Yana nan da giyarsa da jan zakaran da yake yankawa in damina ta kama, yadda ya gada. Ban taɓa jin sun yi musu a kai ba. Musunsu ɗaya ne, wa ya riga wani isa ɗorawa.

Da bazara Baba Babba ya rasu. Ni lokacin na dawo gida ke nan bayan rasuwar mijina, kukan ma ya ƙare mini. Na dafa wa 'yan gaisuwa abinci, na wanke kwanuka, shi ke nan.

Ana fara shuka aka kawo mana wani baƙon mai wa'azi, matashi, mai baki kamar rediyo. Ranar Lahadi ya ɗauko zancen ƙarshen zamani. Ya ce za a busa ƙaho, a tara runduna biyu a wani fili, ta Ubangiji a gefe guda, ta Shaiɗan da masu tsafi a gefe guda, su fuskanci juna, a yi yaƙin da babu wani bayansa. Mata suna ta amin. Ni dai ina kallon bangon da ruwa ya zubar wa yaɓe, ina tunanin ban jiƙa gero ba.

Da aka tashi, Baba ya tsaya a bakin ƙofa, hularsa a hannu. Ya tari faston garinmu, dattijo ne da ya san gidanmu ciki da waje.

"Fasto, wanda ya mutu bai shiga coci ba, a wace runduna zai tashi?"

Fasto ya gane wa ake nufi. Ya ce, "Baba, Ubangiji ne ya san nasa. Ni ban isa in raba ba."

"To," in ji Baba. Ya mayar da hularsa, muka taho gida.

Wannan amsar ba ta ishe shi ba, na sani. Abinci ya rage ci. Sai ya zauna yana wasa fartanya, mai kaifi ce ma, yana ta gogawa. Wata rana ya tambaye ni ko a yaƙin nan mutum zai gane fuskar na gabansa. Na ce, "Baba, ni ina na sani? Don Allah ka sha kununka." Haushin yaron mai wa'azin nan nake ji, ya zo ya zuba zancensa ya hau mota ya tafi. Haushin ma bai daɗe ba, ya bi sahun kukan.

Lokacin noman firi ya zo, noman farko bayan shuka. Baba ya kamo daga gabas shi kaɗai. In ya iso ɗorawa sai ya juya ya kama wata kunyar. Ɓangaren yamma bai taɓa shi ba, ya kuma hana 'yan gayya shiga. Ciyawa ta shanye dawar nan muna kallo. Rabin abincinmu na shekara ke nan, na lissafa, ban ji komai ba.

Ranar da na yi magana, ina ajiye ƙwarya ne. Na ce, "Baba, yamma fa ta lalace."

Ya kalli wajen ya daɗe. Sannan ya ce, "Na gama shawara. In an busa ƙahon, zan shiga layinmu, ba zan ƙi ba. Zan taho tare da su har tsakiya. Amma iyakata ɗorawa. Yaya ma in ya taho daga can, nan zai tsaya, ya san wurin."

Ya jawo ƙwaryar, ya leƙa ciki, ya ɗago ya dube ni.

"Ina ɗaya ludayin?"

Na koma gida na ɗauko.