Ambulan ɗin da Kawu Mamman ya bar wa tsohuwa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Kawu Mamman, yayan mahaifiyata, mai shagon atamfa a unguwar Goutte d'Or ta Paris. 'Yan kasuwa sun san shi da atamfa. Mu a gida mun san shi da tsofaffin ambulan, irin waɗanda jiragen sama na farko suka ɗauko daga Afirka, da hatimin gidan waya da sa hannun matuƙi. Mun sha yi masa tsiya, wai mutum da hankalinsa yana sayen wasiƙun da ba shi aka rubuta wa ba.

Sai daga baya na san abin da yake nema. Mahaifinsa akawu ne a gidan wayar Damagaram, shi ke rubuta wa mutane adireshi. Ya rasu Kawu yana ɗan shekara goma sha biyu, bai bar ko hoto ba. Rubutun hannunsa kaɗai Kawu ya riƙe a ka, don shi ya koya masa boko.

Wata rana ya hawo jirgin ƙasa daga Paris ya sauka wurina a Vaulx-en-Velin, kusa da Lyon. Ya ga rubutun mahaifinsa a kan wani ambulan, a littafin kayan wani gwanjo da za a yi a Lyon. Na raka shi. Da aka zo kan ambulan ɗin, wata tsohuwar Bafaransa ta riga shi ɗaga hannu. Kawu bai ɗaga nasa ba. Na zungure shi har sau biyu, bai motsa ba, aka buga guduma, tsohuwar ta saye.

A waje na kusa kuka don haushi. "Kawu, me ya hana ku?"

"Ramatu ɗiyata, ta riga ni tayi. Ba a shiga cinikin wani sai ya janye."

Na ce ai gwanjo ke nan, shiga cinikin juna. Ya ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Ashe duk ambulan ɗin da ya tara, waɗanda ba wanda ya taya ne.

Yanzu gwanjo ya koma cikin waya, ba ka ganin fuskar wanda ka ture. Na tabbata da Kawu na nan, sai ya ce kasuwar da ba sallama ba kasuwa ba ce.

Watan jiya ambulan ɗin ya sake fitowa. Ni ban gaji kunyarsa ba, na ture kowa na saya. Da ya iso na zauna ina kallon adireshin, rubutu mai kyau, a karkace. Mahaifiyata tana jaririya kakana ya rasu. Ba sauran mai rai da zai ce mini hannunsa ne.

Hali zanen dutse. Na daɗe ina ganin wauta Kawu ya yi a Lyon, kuma har yau ina kewarsa da wautar tasa. Takardar tana hannuna, amma shaidar mutumin da ya ƙi ture tsohuwa ce kaɗai ta sa na yarda rubutun kakana ne. Allah ya jiƙan Kawu Mamman.