Baƙar Wayar da Ta Koma Jikin Tabarau

Jama'a, da safen nan na zauna ina hararar kwamfuta, ita kuma tana zubo min tarkacen alamomin da ba mai iya karantawa.

Injin ƙyanƙyasar ƙwai ne na haɗa da hannuna a nan Narayi. Wani ɗan allon lantarki a cikinsa ke aiko wa kwamfuta da zafin injin. In ban ga zafin ba, ƙwan na iya dahuwa ban sani ba.

Na duba saurin aika saƙo, allo da kwamfuta daidai suke. Na canza kebul, shiru. Haushi na cina, amma mamaki ya fi: me ya canza tun jiya?

Na leƙa bayan allon. Wayoyi uku na sa, biyu na gani. Ina ɗagowa, ga maigidana yana karatun jarida, ƙafar tabarau ɗinsa ɗaure da baƙar waya.

"Baban Ladi, ina ka samo wannan?"

"Cikin injinki mana. Ke da bakinki kika ce ba wuta a jikinta. Me take tsinanawa?"

"Da ita allo da kwamfuta suke bambance sama da ƙasan wuta! Ba ita, shirme kawai kwamfuta ke ji."

Na kwance abata na mayar, lambobi suka fito tsaf. Ƙwai lafiya lau. Shi kuwa yana can tallafe da tabarau da hannu.

Ashe wadda ba ta ɗauke da komai ce ta riƙe zancen. Ku a gidanku, me aka taɓa cirewa don an ga kamar zaman banza yake?