Gyaɗar Makka a Bayan Ɗakin Baba

Mahaifina ba a ba shi abin ci ya ci a take. Sai ya juya shi, ya shinshina, ya duba ko yana da iri. Ko dabinon buɗa-baki ne, za ka ga ya tofa ƙwallon a hannu ya zura a aljihu. Inna ta sha ɗaukar rigarsa za ta wanke, ta tarar wani abu ya fara tsira a ciki. Shekara hamsin yana noman gyaɗa a Ba'awa, kuma abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya: bai taɓa sa abu a ƙasa ya ƙi fitowa ba.

Da gwiwoyinsa suka fara ciwo, mu 'ya'yansa muka yi shawara muka ɓoye fartanyarsa. Ya koma zaman tabarma, ya yi shiru kamar rediyon da aka cire wa batir. A shekarar ce ƙanwarsa, gwaggonmu, ta dawo daga aikin Hajji. Cikin tsarabar, ban da dabino da zamzam, akwai wata 'yar leda ta wasu 'ya'yan itace masu kama da ƙatuwar gyaɗa mai tsini. Ta ce almon ake ce musu. Baba ya ce shi ba zai karya harshensa ba, gyaɗar Makka ce.

Kowa ya tauna rabonsa. Baba ya lashi nasa, ya ji gishiri, ya ce ai ƙasarsu ce mai kanwa. Ya lallaɓa bayan ɗakinsa da ludayin ƙarfen Inna, ya tada kunya ɗaya, ya binne. Da la'asar ya sanar wa tsofaffin majalisarsu cewa gyaɗar Makka zai noma, kuma kowa zai samu iri.

Na ce, "Baba, wannan fa an soya ta. Kuma bishiya ce, ba a ƙasa take yin 'ya'ya ba."

Ni ne ɗan fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Ya ce, "Kai ɗan boko, ka taɓa noma ta?"

"A'a."

"To."

Bayan kwana ashirin, abin da ya fito daga kunyar nan tururuwa ne. Laifin ya koma kan Gwaggo, wadda ta je har ƙasa mai tsarki ta kasa bambance iri da abin taunawa. Ni kuma, da yake ina koyarwa a Tudun Wada kuma ina da babur, aka ɗora min aikin nemo ɗanya.

Na fara da wani mai shagon zuma da habbatus sauda ranar kasuwa. Ya rantse min tasa ko rana ba ta taɓa gani ba, balle wuta. Na kawo. Baba yana da gwajinsa na iri: a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a sa a ƙwarya, a rufe da faifai, a jira kwana bakwai. Da muka buɗe, fumfuna ce ta yi musu gemu. Wani direba a Kwanar Ɗangora ya kawo min wata daga Kano, ita ma aka rantse a kanta, ita ma ta yi gemu. A Tiga wani bawan Allah ya ja ni tafiya mai nisa a ƙasa, ya tsayar da ni gaban wata bishiya mai faffaɗan ganye ya ce ita ce almon, irin wadda nake ajiye babur ɗina a ƙarƙashinta kullum a makaranta. Na yi masa godiya, don mutumin ya yi gumi.

Sai a Doguwa wani tsohon malamin gona ya warware min. Ya ce yawancin wadda ake sayarwa, ko ba a soya ta ba, an turara ta kafin a ƙulle a leda, ta mutu tun can. Sai dai in nemi mai ɓawonta, kuma sai ta kwana cikin sanyi makonni kafin ta yarda ta tsira.

Na roƙi wani abokin aikina da zai tafi Umra, ya kuwa zo min da guda goma sha biyu da ɓawonsu. Baba ya karɓe su da hannu biyu. Firij ɗaya ne a layinmu, na maƙwabciyarmu mai sayar da zoɓo da kunun aya. Inna ta kai mata, ta ce ajiya ce. Matar ta ajiye su sati uku, ta ga ba wanda ya tambaya, ta ɗauka Inna kunya take ji ta ce kyauta ce. Ta fasa, ta markaɗa cikin kunun aya, ta aiko mana da gora biyu na tukuici. Baba ya shanye gora ɗaya, ya ce bai taɓa shan mai garɗi irin wannan ba, a tambaye ta me ta sa.

Aka tambaye ta.

Dariya ta kusa kashe mu, amma a ɗakin girki muka yi ta. A majalisa kuwa ba a ɓoye ba, da ya fito sai a ce, "Sarkin noma, ina irinmu?" Sai ya daina fita. Kullum da safe dai yana ɗaukar buta ya zuba wa kunyar nan ruwa, inda ya binne har masu gemun. Wannan ne ya tsaya min a rai. Ranar wata Juma'a da damina ta sauka, bayan ya tafi masallaci, na tura yatsa cikin kunyar na sa ƙwayar gyaɗa ɗaya.

Da ta fito, Baba ya aika aka kira majalisa kaf. Tsofaffi shida suka kewaye tsiron, kowannensu ya yi furfura a gonar gyaɗa. Suka daɗe suna kallo, sannan babbansu ya gyara murya ya ce, "Masha Allah. Ganyenta ma ya fi na tamu sheƙi." Sauran suka ce ƙwarai kuwa.

Da kaka ta yi, ya tuge ta da hannunsa, ya ba kowane tsoho kwanso ɗaya na iri, suka sa a aljihu suna sa albarka. Bayan sun watse ya yafito ni.

"Kai ɗan boko. Gyaɗarmu 'yar Dakar ka sa. Da ka tambaye ni, da mai bargo na ba ka, ta fi kama da ta Makkan." Ya karkaɗe ƙasar hannunsa. "Kuma ka zurfafa ramin da yawa. Jeka ɗauko min fartanyata inda kuka ɓoye ta."

Na je na ɗauko.