Mai Matso da Faifan Tagulla

Hantsi bai gama ɗagawa ba za ka same shi a zauren da babu kowa. Kujeru dubu biyu a jere, duk wayam, fitilu a kashe, sai hasken da ke shigowa ta ƙofar baya inda motar kaya ta tsaya. Abin da yake fara saukewa wani tsohon kafet ne ruwan toka, naɗe kamar tabarma. Ya saɓo shi a kafaɗa, ya shimfiɗa a tsakiyar dandamali, ya bi shi da tafin hannu har ya kwanta. Sannan a buɗe akwatuna: babbar ganga da ake bugawa da ƙafa, ƙaramar mai tsarkiya, uku na sama, fedar da ake takawa, kujera, da faya-fayan tagulla biyar, kowanne a kan sandarsa ta ƙarfe. Duk ƙafar ƙarfen da za ta taɓa ƙasa tana da gurbinta a kan kafet, an yi mata alama da guntun salatif.

Baba Makulli ake ce masa, saboda ɗan makullin ɗaure fatar ganga da ke rataye a wuyansa. Matarsa ma, in ya ɓata mata rai, Makulli take ce masa ba Baban. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana haɗa wa mutum ɗaya ganguna, wato Tsawa, makaɗin wata ƙungiyar kiɗan rok, kiɗan nan mai ƙara da gita ke kuka a cikinsa har bango ya ɗauki rawa. Watan jiya ne guiwar Baba ta ce ta gaji, ya ajiye aiki.

In ka tambaye shi garuruwan da suka zaga, sai ya yi murmushi, don duk sun narke masa sun zama hanya ɗaya doguwa a bayan gilashin bas. Zauruka yake tunawa. Akwai zauren da ke maido da sauti a makare, kamar mai amsa sallama daga ƙuryar ɗaki. Akwai wanda ke haɗiye shi gaba ɗaya. Yakan durƙusa ya kara kunne a fatar ganga, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa kusa da kowane noti, ya murɗa makulli kaɗan, ya sake saurare. A wannan sa'a, in ji shi, yakan ji kamar zauren ya riga ya cika, kamar tafin da ba a yi ba tukuna yana yawo a saman rufi yana jiran lokacinsa. Ita ce sa'ar da ya fi so a duniya, kuma shi kaɗai yake cikinta.

Kai ne, Baba, wanda direban bas ya gani ka tuɓe rigarka ka lulluɓe ƙaramar ganga ranar da ruwa ya ɓalle a filin wasa, kai kana jiƙewa. Kai ne mawaƙiyar ƙungiyar ke ba da labarinka, ranar da sandar faifai ta karye a tsakiyar waƙa, ka rarrafo ka riƙe ta da hannu har aka gama, ana dukan tagulla a gindin kunnenka. Kwana uku ka yi kana jin ƙararrawa a ka. Da aka yi maka sannu sai ka ce ai ka samu kiɗa kyauta.

Amma ba don waɗannan aka ɗauki alƙalami ba.

Tsawa yana saurayi dogon hannu gare shi, ga son a gani. Faifansa na dama yakan sa a kafa shi can nesa, can sama, don in waƙa ta kai ƙololuwa ya miƙe hannu ya zabga masa sanda, jama'a su ɗauki ihu. Da hannunsa ya rubuta awon a takarda. Kuma ya yi rantsuwa a gaban kowa, ba sau ɗaya ba: ranar da hannunsa ya kasa kaiwa faifan nan, ranar zai ajiye sanda. Wanda ya san Tsawa ya san ba ya mayar da magana, kuma ya san in aka raba shi da ganga an raba kifi da ruwa.

Wurin Baba a lokacin wasa bayan makaɗi ne, a tsugune, don haka ya fi sanin bayan Tsawa a kan fuskarsa. Shekara goma sha biyu da suka wuce ya ga kafaɗar dama ta fara noƙewa kafin ta miƙe. Da aka sauko, Tsawa na murza wurin yana cewa kwanciya ce ya yi ba daidai ba. Washegari da hantsi, a zauren da ba kowa, Baba ya ɓare salatif ɗin faifan dama ya matso da shi faɗin yatsa ɗaya, ya kuma sauke sandar kaɗan. Tsawa ya zo ya buga, ya ce yau jikinsa garau yake. Bayan wata biyar Baba ya ƙara yatsa ɗaya. Haka ya yi ta yi.

Masu son gaskiya tsirara za su ce yaudara ce. To, su ce. Shi dai ya ga mutumin da yake ƙauna yana tafiya zuwa bakin rami da rantsuwa a bakinsa, ya yi abin da hannunsa zai iya.

Kuskurensa ɗaya ne, kuma bai ɓoye shi ba. Da zai tafi, ƙungiyar ta sayi sabon kafet, ta ba shi tsohon kyauta, ya shimfiɗa a falonsa. Wanda ya gaje shi ƙwararre ne, da furfurarsa, ya yi aiki da ƙungiyoyi uku. Baba ya so ya ja shi gefe ya gaya masa, amma sirrin shekara goma sha biyu ya yi masa nauyi a baki. Kullum sai ya ce gobe. Shi kuwa Tsawa ya zaro tsohuwar takardarsa ya miƙa wa sabon mutum, ya ce ga awon nan, bai taɓa canzawa ba. Mutumin ya auna daidai, ko gashi bai kuskure ba. Ranar gwaji da la'asar waƙa ta kai ƙololuwa, Tsawa ya miƙa hannu, sanda ta daki iska. Ya sake, ta sake dukan iska. A na uku zafi ya soke shi har wuya. Ya jera sandunan a kan ganga, ya ce su nemi wani makaɗin kafin tafiyar mako mai zuwa.

Matar Tsawa ce ta kira a waya. "Baba, ƙaninka ya ajiye sanda. Tun jiya yake zaune yana kallon hannunsa, ko ruwa bai sha ba. Yanzu ya tafi ɗakin gwaji kwaso kayansa."

Baba ya naɗe kafet, ya tari tasi. Ya tarar da Tsawa a ɗakin gwaji yana tattara kayansa, sabon mutumin na tsaye jugum.

"Yaya, me ya fito da kai da wannan guiwar?" in ji Tsawa.

"Zo ka ga wani abu, Maigida."

Ya shimfiɗa kafet ɗin a gindin taga inda haske yake. Duk salatif ɗin da aka ɓare ya bar tabon danƙo, ga su nan a jere, baƙaƙe ƙanana, kamar sawun kaza, sun taso daga gefe suna nufo wurin kujera. Daga na farko zuwa na ƙarshe taƙi ɗaya da rabi.

"Nan takardarka ta ce," in ji Baba, yana nuna na can gefe. "Wannan na shekarar da aka haifi autarka ne. Wannan bayan ka zame a matakalar otal. Nan kuma ka buga watan jiya."

Tsawa ya durƙusa ya bi tabban da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ɗago.

"Wato shekara goma sha biyu kana yi mini wayo."

"Ina yi."

"Tafin da aka yi ta yi mini fa?"

"Naka ne. Ni ban taɓa buga maka ko sau ɗaya ba. Faifai kawai na matsar."

"Na yi rantsuwa, Yaya."

"Yaro ɗan shekara ashirin da biyar ne ya yi ta, bai san kafaɗa tana tsufa ba. Ka yafe masa."

Baba da sabon mutumin suka jera gangunan a kan tsohon kafet, kowace ƙafa a gurbinta. Tsawa ya zauna, ya juya sanda a hannu, ya fara a hankali, kiɗan ya yi ta hawa har ya cika ɗakin. Ya miƙa hannu, tagulla ta amsa. Ya tsaya yana murza kafaɗa, ya dubi faifan, ya dubi sabon mutumin.

"Malam, matso da shi yatsa ɗaya. Ina kallo."

A nan ne Baba ya nemi kujera ya zauna, hawaye suka zubo masa, bai share ba. Daɗi ne da sauƙin kaya, da kuma sanin cewa bas za ta tashi ba da shi ba.

Ta tashi kuwa ranar Talata, da Tsawa a ciki.

Mun gode, Baba Makulli, na bayan fage, wanda ba a taɓa haska wa fitila ba. Ka ba mutum shekara goma sha biyu na abin da yake rayuwa dominsa, ba ka nemi ko sannu ba, kuma da ranar faɗin gaskiya ta zo ka ɗauko ta a kafaɗa da guiwa mai ciwo. Allah ya ba guiwar lafiya, ya sa ka ga sakayya.

Kai kuma mai karatu, ba sai ka iya ɗaure ganga ba. Duba gidanku da kyau. Akwai wata tsohuwa da hannunta ya daina kaiwa kantar sama, tana cewa ba ta jin shan shayi ne. Sauko mata da kofin, kada ka yi shela.