Ƙusar Tayar Baya

Injiniya ake ce masa a layin, ko da yake bai taɓa shiga aji don koyon gyaran mota ba. A ƙarƙashin motocin mahaifinsa ya girma, yana miƙa sufana ana dungurinsa. Yau shi ke da rumfar gyara a bakin titi, ga mata ga 'ya'ya, amma har yanzu in Baba ya yi gyaran murya sai ya shiga taitayinsa.

Baba tsohon direba ne. Idonsa ya fara tafiya tun bara, kowa a gidan ya sani, ba mai iya faɗa. Ranar da ya goge katangar maƙwabta da gefen mota ya ce katangar ce aka matso da ita, Injiniya ya jira Baba ya tafi masallaci, ya kwance tayar baya, ya buge ɗaya daga cikin ƙusoshin da ke riƙe tayar daga mazauninta da guduma, ya jefa a aljihu, ya mayar da tayar.

"Ƙusar taya ta karye, Baba. Ba a hawa hanya a haka."

"To sa wata."

"Irin tata ta yi wuya yanzu. Ina cigiya."

Cigiyar ta ƙi ƙarewa. Motar ta zauna a tsakar gida, kaji na kwana a inuwarta. Injiniya kan ce wa matarsa tsoron ran mutane ne ya sa shi. Gaskiya ne, amma ba ita kaɗai ba. Tunda motar ta zauna, kullum da safe Baba kan tare shi ya tambaye shi ko an samu ƙusar, a hankali, kamar mai roƙo. Injiniya bai taɓa jin wannan muryar daga bakin Baba ba, kuma bai gaji da jin ta ba.

Wata safiya sai ga Mai Faci, abokin Baba tun na ƙuruciya, da ƙulli a tsumma.

"Ga abin da ya gagari manyan injiniyoyi," in ji shi. "A tiren wani mai gwangwan na tsinto ta, har guda uku."

Baba ya sa aka kawo masa kujera gefen motar. "Bismilla, ɗana. Muna kallo."

Babu hanyar zillewa. Injiniya ya tokare tayoyin gaba da duwatsu, ya ɗaga motar da jak, ya cire taya, ya saki birkin hannu ya zare murfin birki. Ya zura ƙusar ta bayan mazaunin, ya jera mata zobban ƙarfe, ya ɗaura noti yana juyawa, ƙusar na shigewa kaɗan-kaɗan. Ya yi tunanin ya karkace ta, zaren ya lalace. Hannunsa ya ƙi. Mutumin da ya koya wa hannun aiki yana zaune a bayansa, yana sauraron kukan ƙarfe.

"Ƙara mata," in ji Baba. "Kanta bai zauna ba tukuna."

Ya ƙara. Ta zauna daram.

Da aka sauke motar, Baba ya durƙusa ya bi notunan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya lalubi murfin ƙofar motar, ya shiga, ya tayar. Injin ya yi tari ya kama. Mai Faci ya wangale ƙofar gida, hasken hantsi ya cika tsakar gidan, ana ganin yara suna wasan ƙwallo a titi.

Baba ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya daɗe yana kallon gabansa.

"Ƙofar gidan a buɗe take?"

Mai Faci ya dubi Injiniya.

"A rufe take, Baba," in ji Injiniya. "Bari in nemo makulli."

"To," in ji Baba. Ya kashe injin, ya jingina da kujera. "Nemo a hankali. Ba sauri nake ba."