Loisa Kalebu da Rijiyar Garin Majema

Ƙarfe bakwai na safe Loisa Kalebu take buɗe ɗakin duba marasa lafiya a likitar Madarunfa, wato asibitin garin. Takan fara da dafa allurai, ta wanke hannu, sannan ta leƙa rumfa ta ga wanda numfashi ya fi yi wa wuya, ta sa shi gaba ko da shi ne ya zo ƙarshe. Ba ta da yawan magana. Idan ta ɗora abin sauraron ƙirji a bayan mutum, takan rufe ido ta daɗe, har wasu su zaci gyangyaɗi take yi. Haka ta yi shekara talatin da ɗaya. A ƙarshen watan nan na Disamba 1997 za ta ajiye aiki, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta abin da ta yi wa ƙauyenmu.

Ni ɗan Garin Majema ne, wani ƙaramin ƙauye a hanyar Safo, ko da yake aikin koyarwa ya zaunar da ni Madarunfa. Tun ina yaro an san garinmu da tari. Mu kanmu mun ɗauka halittarmu ce. Mutum ya kwanta da zazzaɓi da ciwon haƙarƙari, a kai shi likita, a yi masa allura, ya warke, bayan wata biyu ya sake kwantawa.

Loisa ce ta fara cewa abin ba daidai ba ne. A 1993 yayana Yahaya ya je wurinta karo na huɗu cikin shekara ɗaya. Manomi ne ƙaƙƙarfa, bai taɓa shan taba ba, an kuma duba kakinsa ba a sami tarin fuka ba. Ina tsaye a wurin ta gama sauraron ƙirjinsa, sai ta kama hannunsa ta juya tafin.

"Malam Yahaya, wannan kantar fa?"

"Ta hauya ce, Madam."

"Jiya na ga irinta a hannun limaminku. Shi ma noma yake yi?"

Yahaya ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Liman ya shekara ashirin bai taɓa hauya ba."

Ƙuraje ne masu tauri kamar ƙwayar gero, a tafin hannu da na ƙafa, ga ɗigo-ɗigon baƙi a ƙirji da baya. Loisa ta koma cikin littafin marasa lafiya, ta ware sunayen mutanen garinmu. Ta ga kusan duk masu yawan komowa 'yan unguwar gabas ne. Ran Asabar, ranar hutunta, ta hau amalanken jaki ta je ta gani da idonta.

A unguwar gabas akwai rijiya mai ruwa garau, kusa da kangon wata rumfa. Tsoho Habibu, wanda ya yi aiki a rumfar da ƙuruciyarsa, shi ya ba ta labari. Wani attajirin fatu ne ya gina ta tun kafin a haife ni. A nan ake tsoma fatun jar akuya cikin rami mai ruwan wani farin gari, don kada ƙwari su ci su kafin a kai su waje.

"Ɗiyata, ko kare ya lashi ruwan nan ba ya kai yamma," in ji Habibu. "Da aka daina aikin, sai aka tura sauran gangunan farin garin cikin ramin aka rufe da ƙasa."

Loisa ta auna da ƙafa. Taki goma sha tara ne daga ramin zuwa bakin rijiyar.

Ta cika butali biyu, wato kwalabe, da ruwan rijiyar ta kai Maraɗi. Aka ce babu na'urar da za ta gano irin abin da take zato, sai an aika Yamai. Wani lokotoro, wato dokta, da ya saurare ta ya gaya mata sunan farin garin, arsenik, ya kuma bayyana mata yadda yake aiki. Idan ana shan sa kaɗan-kaɗan ba ya kashewa nan take. Yana raunana garkuwar huhu, har ƙwayoyin cutar da lafiyayyen mutum zai shaƙa ya kwana lafiya su sami wurin zama su hayayyafa.

Ba ta jira sakamako ba. Ta koma ta sami maigari a gaban jama'a.

"Ranka ya daɗe, a cikin ƙirjin kowa akwai masu shara da masu gadi. Ruwan rijiyar nan yana kashe musu jiki. Ni ina korar cutar da allura, amma idan mutum ya dawo gida ya sha ruwan, ƙofa a buɗe take."

Maigari ya ce, "Madam, muna ganin girmanki. Amma ruwan ga ba shi da wari, ba shi da ɗaci. Ɗaya rijiyar tafiyar rabin awa ce. In ce wa mata su bar ta kusa, ba takarda, ba shaida?"

Bai yi ƙarya ba, ita ma ba ta yi gardama ba. Sai ta bi ta wurin mata, gida-gida. Hajiya A'isha, wadda jikokinta biyu suka rasu da ciwon ƙirji, ta ba da amalankenta a riƙa jido daga rijiyar yamma. Gidaje tara suka yarda. Sauran suka ci gaba da shan na kusa, har da gidan yayana, domin matarsa Dije tana fama da laulayin sabon ciki, shi kuma yana gona.

Wata bakwai aka yi ana jiran takarda. A cikin wata na biyar Yahaya ya sake kwantawa, wannan karon allura ba ta ci ba, ya rasu. Loisa ta zo gaisuwa, ta zauna cikin mata har aka yi addu'a aka shafa. Da za ta tafi ta ce mini, "Malam, da na ƙara matsa wa gidan nan." Yau nake cewa: ke ce kaɗai kika matsa. Mu da muka yi boko, muka san ramin tun muna yara, ba mu taɓa tambaya ba.

Da takardar ta iso, ta nuna gubar ta ninka abin da jiki zai iya ɗauka sau da yawa. Ni na karanta ta a gaban maigari, na fassara. Nan take ya ce a kawo itace da ƙaya. Kafin la'asar an rufe rijiyar. Da rani hukuma ta kwashe gangunan, aka haƙa sabuwar rijiya a yamma da gari, Loisa kuma ba ta bari an sha ba sai da aka auna ruwanta.

Ba zan ce kowa ya warke ba. Kantar tana nan a hannun manya, wasu kuma huhunsu ya riga ya lalace. Amma yaran da aka haifa bayan rufe rijiyar, har da Fati, 'yar da Yahaya ya bari, ba su san zaryar likita irin tamu ba. Duk wanda ya shiga garin da sanyin safiya zai ji bambancin da kunnensa.

Ke ce, Loisa, kika duba hannun mutumin da ya zo da ciwon ƙirji. Ke ce kika ba da Asabar ɗinki ga ƙauyen da ba ki da dangi a ciki, ba addininku ɗaya ba, ba kuma wanda ya aike ki. Ba a ba ki lambar yabo ba, sunanki ma ba ya cikin takardar da ta zo daga Yamai. Mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar cin hutunki.

Makon jiya na tarar tana miƙa wa Sadiya, wadda za ta gaje ta, sunayen mutum goma sha ɗaya na garinmu. "Waɗannan ko tari kaɗan suka yi, kada ki ce su dawo gobe," in ji ta.

Ina roƙon ma'aikatan lafiya masu tasowa su ɗauki wannan hali. Idan mutum ya dawo muku sau uku da ciwo ɗaya, ku tashi ku je ku ga inda yake zaune. Mu kuma mutanen Garin Majema, gidanta yana bayan kasuwar Madarunfa, ba ɓoyayye ba ne. Kada mu bari sai ta rasu sannan mu cika shi.